Darasin Juma'a: Kwana Ukun da Agaji Bai Shiga Siriya Ba

'Yan'uwa, kwamitin masallaci na shirin tsara yadda asusunmu na taimakon gaggawa zai riƙa aiki, kuma a zaman da aka yi an tayar da tambayoyi guda biyu da suka ƙi kwanciya. Wasu sun ce me zai sa mu kai kuɗi nesa alhali ga mabuƙata a ƙofar masallaci. Wasu kuma sun ce ko an tara an aika, wa ya san inda yake sauka, musamman a ƙasar da ake yaƙi. Malam Liman ya ce kafin a yanke komai a ɗauki misali ɗaya na gaske a yi nazarinsa, shi ne aka zaɓi girgizar ƙasar da ta afka wa Turkiyya da Siriya a 2023. Abin da ke ƙasa shi ne na tattara, haɗe da bayanin da Malam ya yi a karatun daren Laraba.

Ranar Litinin ce, 6 ga Fabrairu 2023, tsakiyar watan Rajab na 1444. Ƙarfe 4:17 na asuba agogon can, wato 2:17 na dare a nan wajenmu, ƙasa ta girgiza kusa da birnin Gaziyantef a kudancin Turkiyya da ƙarfin maki 7.8. Mutane na barci, ana tsakiyar hunturu, wasu wuraren ruwa ake yi wasu dusar ƙanƙara. Bayan kamar awa 9 wata ta sake zuwa mai maki 7.5, ta ƙarasa gine-ginen da ta farko ta tsattsaga. A Turkiyya an rasa mutum sama da 50,000, a Siriya kuma wajen 6,000. Mu a lokacin muna fama da layin banki saboda canjin kuɗi, ga zaɓe ya matso, shi ya sa da yawanmu labarin ya wuce mu sama-sama. Masu bin ƙwallo dai za su tuna da Christian Atsu ɗan Ghana, wanda aka yi kwana 12 ana nema kafin a ciro gawarsa a lardin Hatay.

Girgizar ɗaya ce, amma abin da ya biyo bayanta a ƙasashen biyu ba ɗaya ba ne. A Turkiyya, duk da su ma sun yi kukan jinkiri, cikin kwana ɗaya zuwa biyu jirage sun fara sauka da ma'aikatan ceto daga gomman ƙasashe, da karnuka masu sansano mutum, da na'urorin da ke jin motsi a ƙarƙashin gini, da asibitocin tafi-da-gidanka. Tsallaken iyaka kuwa, tafiyar da ba ta kai daga nan zuwa garin da ke gaba da mu ba, mutane da hannu da shebur da guduma suke tonon 'ya'yansu.

Sai an san halin da yankin yake ciki kafin a gane dalili. Tun 2011 ake yaƙi a Siriya. A lokacin girgizar, arewa maso yammacin ƙasar, wato lardin Idlib da wani ɓangare na karkarar Halab (wanda 'yan jarida ke kira Aleppo), ba ya hannun gwamnatin Bashar al-Assad. Idlib na hannun ƙungiyar Hay'at Tahrir al-Sham, su Afrin da Jindiris kuma na hannun dakarun da Turkiyya ke goya wa baya. Mutum wajen miliyan 4 da rabi ne ke cunkushe a wurin, kusan miliyan 3 daga cikinsu 'yan gudun hijira ne da yaƙi ya koro daga wasu garuruwan, wasu an kore su sau uku sau huɗu. Sama da miliyan 4 da agaji suke rayuwa tun ƙasa ba ta motsa ba. An sha jefa wa asibitocinsu bama-bamai. Cutar kwalara ta riga ta ɓulla tun Satumbar 2022. Gidajen kuma, wasu bam ya riga ya jijjiga su, wasu an ɗora su ne cikin gaggawa ba isasshen rodi ba siminti na kirki, don mai gudun hijira ba ya tambayar injiniya, inuwa yake nema. Wani abin mamaki, waɗanda ke cikin tanti sun fi tsira, tunda tanti ko ya faɗo ba ya kashe mutum. Wanda ya ɗan samu hali ya kama hayar bene, shi abin ya fi ritsawa da shi.

To ga inda gizo ke saƙar. Dokar duniya ta ce Majalisar Ɗinkin Duniya ba ta shiga ƙasa da kaya sai da yardar gwamnatin ƙasar. Gwamnatin Dimashƙa kuwa ta dage cewa duk wani agaji ta hannunta zai bi, ita ce za ta kai wa yankunan da take yaƙa. Saboda haka a Yulin 2014 Kwamitin Sulhu ya zartar da ƙuduri mai lamba 2165, ya ba hukumomin Majalisar izinin shiga ta mashiga 4 ba sai an jira Dimashƙa ba: Babul Hawa da Babus Salam ta Turkiyya, Yarubiyya ta Iraƙi, da Ramsa ta Jodan. Sai dai izinin na wa'adi ne, kullum sai an sabunta. Rasha da Chaina suka riƙa hawa kujerar na-ƙi, a Janairun 2020 mashigar suka koma 2, a Yulin shekarar suka koma 1 tak, Babul Hawa. Ku kwatanta da a ce duk abincin da ke saukowa kudu daga arewa gada ɗaya aka yarda ya bi, kuma duk wata shida sai an zauna an yi gardama ko za a bar gadar a buɗe. Direbobinmu na tirela sun san abin da ke faruwa ranar da gadar Jebba ko ta Lakwaja ta cushe.

Da girgizar ta zo, hanyoyin da ke kaiwa Babul Hawa ta ɓangaren Turkiyya sun lalace. Cibiyar da ake shirya agajin Siriya a Gaziyantef take, ma'aikatan da kansu suna cikin waɗanda abin ya shafa, wasu a mota suke kwana da iyalansu, wasu na neman 'yan'uwansu. Litinin ta wuce, Talata ta wuce, Laraba ta wuce, ba motar Majalisar ko ɗaya. Abin da ya riƙa ratsa mashigar a kwanakin nan shi ne gawarwakin 'yan Siriya da suka rasu a Turkiyya, ɗaruruwa, ana mayar da su gida a binne. Sai ranar Alhamis 9 ga wata ayarin farko ya shiga, mota 6, kuma kayan da ke ciki tun kafin girgizar aka shirya su: barguna, kayan tanti, kayan tsafta. Ba katafila, ba injin yanka ƙarfe, ba man da za a zuba wa 'yan injunan da ke akwai.

Masana aikin ceto suna cewa awa 72 na farko su ne zinariya. Wanda gini ya danne, in bai mutu nan take ba, ƙishirwa da sanyi da zubar jini ne ke ƙarasa shi, kuma bayan kwana uku waɗanda ake cirowa da rai 'yan kaɗan ne. Kun ga ke nan ayarin farko ya iso daidai lokacin da ƙofar ta riga ta rufe. Akwai kuma wani abu da ya kamata 'yan agajinmu su riƙe: wanda nauyi ya daɗe a kan ƙafarsa ko hannunsa, naman wurin yana mutuwa ya saki guba, in aka ɗage nauyin gubar ta bi jini ta kashe ƙoda. Shi ya sa likitoci ke son a sa masa ƙarin ruwa tun kafin a gama ciro shi, wasu kuma sai an yi musu wankin ƙoda. Mutum zai fito yana magana yana hamdala, bayan kwana biyu a ce ya rasu. A yankin da injin wankin ƙoda bai wadatar ba tun asali, ku lissafa da kanku.

Su wa suka yi aikin? 'Yan gari. Akwai ƙungiyar 'yan sa-kai da ake kira masu farar hular kwano, mutum kamar 3,000, a ƙarƙashin Ra'id as-Salih a wancan lokaci. Teloli ne da masu gidan burodi da malaman makaranta da kafintoci, waɗanda shekarun ruwan bama-bamai suka koya wa tonon gini. Su da maƙwabta ne suka ciro mafi yawan waɗanda suka rayu. A Jindiris ne aka ciro jaririyar nan da aka haifa a ƙarƙashin ɓaraguzai, cibiyarta na haɗe da mahaifiyarta da ta riga ta cika, mahaifinta da 'yan'uwanta duk sun rasu. Ranar 12 ga wata babban jami'in agaji na Majalisar, Martin Griffiths, ya je bakin iyakar ya amsa da bakinsa cewa sun gaza wa mutanen arewa maso yammacin Siriya. Washegari 13 ga wata Assad ya amince a buɗe ƙarin mashiga biyu, Babus Salam da Ar-Ra'i, na wata 3. Mako guda cur bayan girgizar. Cikin wajen 6,000 da suka rasu a Siriya, sama da 4,500 a wannan yankin ne.

Kada wani ya ɗauka laifin ɓangare ɗaya ne. An yi yunƙurin shigar da kaya daga yankin gwamnati zuwa Idlib, masu iko da Idlib suka ƙi karɓa, suna cewa ba za su bar wanda ya kashe su ya yi suna da su ba. Motocin mai da abinci da suka taso daga yankin Kurdawa sun yi kwanaki a tsaye a shingaye, wani wurin dakarun gwamnati ne suka tare, wani wurin 'yan tawaye. Jiragen agaji daga ƙasashen Larabawa da Iran da Rasha sun sauka a Dimashƙa da Halab da Lazikiyya, su ma mutanen can sun yi asara sosai kuma suna da haƙƙi, amma kayan bai ƙetara layin yaƙi ba. Ga takunkumin Amurka da Turai: a takarda bai hana agaji ba, amma bankuna da sun ga sunan Siriya sai su maƙale kuɗin don tsoro, har sai da Amurka ta fitar da sassauci na kwana 180 ranar 9 ga Fabrairu. Kwamitin bincike na Majalisar kan Siriya, da ya yi magana a watan Maris, bai bar kowa ba, har da Majalisar kanta. Akwai ma masana shari'a da suka ce tun farko ba a buƙatar izinin kowa don ceton rai, Majalisar ce ta ɗaure kanta. Ni dai a nawa ganin, mai gaskiya a nan shi ne wanda ya ce a shiga a yi bayani daga baya.

Wannan tare hanyar abinci ba sabon abu ba ne, kuma nan ne Malam ya fi daɗewa. Lokacin da Ƙuraishawa suka ƙaurace wa Banu Hashim a kwarin Abu Ɗalib na kusan shekara uku, har ana jin kukan yara daga waje saboda yunwa, Hakim ɗan Hizam ya ɗauko alkama zai kai wa gwaggonsa Nana Khadija, Abu Jahil ya tare shi a hanya. Wanda ya shiga tsakani ya ce a bar abincin ya wuce, Abul Bakhtari ne, kuma ba musulmi ba ne. Hisham ɗan Amru shi ma yakan ɗora wa raƙumi kaya da dare ya kai bakin kwarin ya sake shi ya shiga. Wato akwai mai shinge, akwai mai fasa shinge, tun a Makka.

Sai kuma aka zo aka juya. Bayan hijira Sumama ɗan Usal, shugaba a Yamama, ya musulunta, ya hana alkamar Yamama zuwa Makka. Yunwa ta kama Ƙuraishawa, suka aika wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, suna roƙo da zumunci. Su ne fa suka kore shi, su ne suka yaƙe shi a Badar da Uhudu, su ne suka sa danginsa cin ganye. Ya aika wa Sumama ya sakar musu abincin. Malam ya ce duk wanda ya riƙe bindiga ya tare motar abinci ko magani don mutanen da ke bayan shingen ba nasa ba ne, to ya duba da kyau a labaran nan biyu wa yake kwaikwayo. Ƙa'idar da ƙungiyoyin agaji ke faɗa a yau, cewa ana ba da taimako ne gwargwadon buƙata ba tare da duba ɓangare ko addini ko ƙabila ba, ba baƙuwarmu ba ce.

Wani ɗan'uwa ya tambaya ko girgizar ƙasa azaba ce. Amsar Malam gajera ce. Aya ce daga ayoyin Allah, tana kiran kowa zuwa tuba, mu da muka ji labari har mun fi buƙatar tuban. Amma nuna yatsa a ce waɗancan saboda zunubinsu ne, wannan shiga gaibu ne. Hadisi ingantacce a Bukhari da Muslim ya lissafa wanda gini ya faɗa wa cikin shahidai, tare da wanda ya nutse da wanda annoba ta kashe. Annobar Amwas a ƙasar Sham ɗin nan ta ɗauki Abu Ubaida da Mu'azu ɗan Jabal, wa zai buɗe baki a kansu? Shahidan lahira ne, saboda haka ana yi musu wanka da sallah in hali ya yi, in gawa ta yi yawa a haɗa biyu ko uku a kabari ɗaya kamar yadda aka yi a Uhudu. Wanda kuma yake sallah ya ji mai neman ceto, wajibi ne ya yanke sallar, mai tonon rai ba laifi a kansa in Juma'a ta wuce shi.

Maganar kai zakka nesa kuwa, a mazhabar Malikiyya asali shi ne a raba ta inda ta wajaba ko kusa da nan. Amma in akwai waɗanda suka fi tsananin buƙata a wani gari, ana kai musu, har ma mafi yawanta. A shekarar fari ta 18 bayan hijira, wadda ake kira shekarar toka, Sayyidina Umar ya rubuta wa gwamnoninsa, ayarin abinci ya taho Madina daga wasu lardunan, ya naɗa mutane suna rabo suna ƙidaya masu ci, shi kansa ya haramta wa bakinsa man shanu har jama'a su ƙoshi. Zakka ta musulmi ce cikin kashi takwas ɗin da Suratut Tauba ta ambata a aya ta 60. Sadaka kuwa ƙofarta a buɗe take ga kowane mai rai, don haka in gini ya rufta a unguwar nan, ba a tambayar sunan wanda ke ƙasa, Bayarabe ne ko Ibo ko namu.

Kada mu ce abin na nesa ne don ba mu cika ganin girgizar ƙasa ba. Ranar 10 ga Satumba 2024 madatsar Alau ta ɓalle ta shanye Maiduguri, garin da dama yake ɗauke da 'yan gudun hijirar Boko Haram. Ruwa ya shiga Kasuwar Monday da asibitin koyarwa, dubban ɗaruruwa suka rasa matsuguni, har sansanin Bakasi da aka rufe sai da aka sake buɗewa. Masifa ce a kan masifa, irin ta Idlib, kuma a can ma masu kwalekwale da samarin unguwa na cikin waɗanda suka fara ciro mutane. Akwai garuruwa a Borno irin su Rann da damina ke yankewa, hanya ba tsaro, ma'aikatan agaji sai da jirgi mai saukar ungulu. A nan kudu kuma abin da ya fi kama da girgizar ƙasa shi ne ruftawar bene, kamar na Ikoyi mai hawa 21 da ya kashe sama da mutum 40 a Nuwambar 2021. Su wa ke aikin lebura da gadi a irin waɗannan gine-gine, su wa ke kwana a kangon da ba a gama ba? Yaranmu ne 'yan ci-rani, waɗanda sau da yawa ba wanda ya rubuta sunansu a ko'ina.

Daga nan ne shawarar da zan kai gaban kwamiti ta fito, wanda yake da ja ya zo ya faɗa. Tunda kwana ukun farko su ne komai, kuɗin da za a fara tarawa bayan abu ya faru ya riga ya makara. A bar wani kaso a ajiye kullum, da sa hannun mutum uku, wanda za a iya fitarwa a yini ɗaya ba sai an jira taron wata ba. In za a aika nesa, kuɗi za a aika, ba gwanjo ba. Tsofaffin kaya sai an tantance, an ɗaure, an biya mota, a ƙarshe su cushe hanyar da magani zai bi, alhali da kuɗi mutum zai sayi abin da shi ya san yana buƙata, ɗan kasuwar garin ma ya farfaɗo. Kuma ba za mu tura ko sisi a lambar asusun da aka yaɗo a WhatsApp da hoton yaro mai jini ba. Wasu 'yan damfara ne, har tsofaffin hotuna suke ɗaukowa daga wata ƙasar. Wanda ma ba damfara ba, in kuɗinka ya faɗa hannun masu bindiga a yankin yaƙi, dokar yaƙi da ta'addanci ta 2022 ba ta san kyakkyawar niyya ba, kuma sunan masallaci ne zai shiga takarda. Mu baƙi ne a garin nan, kun san yadda ƙaramar magana ke girma a kanmu. A bi ta ƙungiyar da ke da rajista da ofis, mai ba da rasit, wadda take da ma'aikata a wurin tun kafin masifar, irin su Red Cross da takwararta Red Crescent. A tambaye su kai tsaye: ta wace hanya kayanku ke shiga, kuma su wa ke rabawa?

Sannan akwai bayan kwana arba'in, lokacin da 'yan jarida sun tafi. Majalisar ta nemi dala miliyan 397 don wata ukun farko a Siriya, a taron Brussels na 20 ga Maris 2023 an yi alƙawarin yuro biliyan 7 ga ƙasashen biyu, amma alƙawari daban, ruwan famfo daban. A Yulin shekarar Rasha ta sake hawa kujerar na-ƙi, izinin Babul Hawa ya faɗi, motocin Majalisar suka yi sama da wata biyu ba su bi ta nan ba. Gwamnatin Assad ta faɗi ranar 8 ga Disamba 2024, layukan yaƙin da suka tare agaji sun sauya, amma marayun girgizar da waɗanda aka yanke wa ƙafa suna nan. Don haka zan ba da shawarar duk abin da aka tara a raba shi biyu, rabi a tura nan take, rabi a riƙe sai bayan wata uku.

Abu na ƙarshe shi ne rajista. Muna so a rubuta sunan duk wanda ke kwana a shago ko kango ko gareji a unguwar nan, da garinsu da lambar wani nasa a gida, don in wani abu ya faru a san wa ake nema. Shugabannin 'yan acaɓa da masu turin baro da 'yan gwari su taimaka da mutanensu. Haka kuma masu mota, masu walda, magina, da duk wanda ya san rukunin jininsa kuma zai iya bayarwa, su ba da suna wajen shugaban 'yan agaji. Littafin zai kasance a ofishin sakatare daga yau bayan sallar Juma'a, kwamiti kuma zai zauna ranar Lahadi bayan La'asar, ƙofa a buɗe take ga kowa. Iyaye mata za su iya aiko da nasu ra'ayin ta hannun malamar Islamiyya kafin ranar.

Wassalamu alaikum.
Sakataren Masallaci